Baba ya ce a mayar da shi gida, Yaya ya ce sai Yamai

Wasiƙar wannan makon daga cikin Birni ta fito, nan Damagaram. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane gidan.

"Assalamu alaikum Gwaggo. Mahaifinmu ya haura shekara 70, baduku ne tun tasowarsa. Wata biyar ke nan yana fama da ciki. Ya rame, cikin ya kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa. Da aka yi hoto da awon jini, likita ya ja ni gefe tare da ƙanen Baba, ya ce kansar hanta ce, asalinta ciwon hanta nau'in B ne da ya daɗe a jikinsa ba a sani ba. Ya ce ta ci wuri, ta wuce aiki, abin da ya rage a kwantar masa da zafi a lallaɓa shi, kuma ana iya yin hakan a gida. Ba mu gaya wa Baba ba, ce masa muke yi shawara ce ta yi ƙarfi. Amma kullum na kai masa kunu sai ya riƙe hannuna ya ce, 'Ku mayar da ni ɗakina, na gaji.' Yayanmu yana aiki a Aljeriya, shi ke aiko da kuɗin magani. Ya rantse sai an kai Baba Yamai, ko da za a sayar da gonarmu ta hanyar Mirya. Ya ce duk wanda ya fitar da Baba daga asibiti shi ya kashe shi. Inna ba ta cewa komai sai kuka. Ni ke kwana a gindin gadonsa, ni ke jin nishinsa. Gwaggo, in na bi maganar Baba na yar da shi ke nan? In na bi ta Yaya, ban ci amanarsa ba?"

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya ba Baba sauƙi, ya sa kaffara ce. Ke kuma Allah ya ba ki ladan wannan tabarma da kike shimfiɗawa kowane dare a ƙasan gadonsa. Na karanta wasiƙarki har sau uku, kuma sai da na ajiye ta na share hawaye kafin na iya ɗaukar alƙalami, saboda na taɓa tsayawa daidai inda kike tsaye.

Bari in fara ba ki amsa kafin in yi dogon zance, don ki samu ki numfasa. Mayar da Baba ɗakinsa ba yar da shi ba ne. Ciwon a jikinsa yake, kwanakin da suka rage nasa ne, kuma muddin yana cikin hankalinsa maganarsa ce gaba da taki, gaba da ta Yaya, gaba da ta duk mai zuwa dubiya. Sai dai akwai abin da ke damuna a cikin labarin, kuma ba zan rufe ki ba: mutumin da kuke so ku bi zaɓinsa, kun ɓoye masa abin da yake zaɓi a kansa.

Na san dalilinku. Haka muka taso, ba a faɗa wa mara lafiya magana mai nauyi, ana cewa zuciyarsa za ta karye, ciwon ya ci ƙarfinsa. Tausayi ne, ban ce mugunta ba. Amma ki dubi mahaifinki da kyau. Mutumin da ya yi shekara 50 yana juya fata a hannu, da ya taɓa ya san mai ƙwari da wadda ta gama yayi, kina zaton bai san abin da yake ji ba idan ya shafa damtsensa? Yana ganin yadda likita ke kiranku waje. Yana ganin idon Inna. Jiki magayi ne, kuma yawancin waɗanda suka kai wannan mataki sun riga sun gane tun kafin a gaya musu. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne, ƴaƴa suna ɓoye wa uba don kada ya karaya, shi ma uban yana ɓoye musu cewa ya sani don kada su karaya. Kowa ya kwana da kayansa shi kaɗai, alhali ɗaki ɗaya suke.

Ba cewa na yi ki shiga gobe ki sauke masa maganar kamar dutse ba. Tambayarsa za ki yi. Ki zaɓi safiya, bayan ya ɗan sha wani abu, lokacin da babu ƴan dubiya. Ki ce, "Baba, kai me kake gani game da wannan ciwo?" Sai ki yi shiru, ki bar shi ya yi magana, ko da shirun zai yi tsawo. Daga nan ki ce, "Kana so likita ya yi maka bayani da bakinsa, ko ka fi so ya gaya wa ƙanenka a madadinka?" In ya ce shi ya bar wa Allah, ba ya son jin suna, to wannan ma haƙƙinsa ne, kada ki tilasta masa. In kuwa ya ce a gaya masa, to a gaya masa gaskiya cikin taushi, gwargwadon abin da ya nema. Abin da ba na so shi ne ƙarya ƙiri-ƙiri, ya tambaye ki ko zai tashi ki ce masa ai mako mai zuwa zai koma rumfa. Kina iya cewa, "Baba, ciwon babba ne, likitoci sun ce ba su da maganin da zai cire shi, amma suna da na rage zafi, kuma muna tare da kai." Babu ƙarya a ciki, babu kuma yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Me ya sa na nace a kan wannan? Domin mai sana'a irin Baba ba ya rasa abin mutane a hannunsa. Akwai wanda ya ba shi kuɗin aiki bai karɓi kayansa ba, akwai mai fata a Kasuwar Dole da ke binsa ko shi yake bi, akwai wataƙila ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wurinsa. In kuka ci gaba da ce masa shawara ce, kun hana shi damar sauke waɗannan kaya da hannunsa. Kuma akwai gaggawa da ta shafi wannan ciwo musamman. Idan hanta ta gaza, dattin da take tacewa yakan taru a jini ya hau kai. Sai ki ga mutum yana barci da rana yana farke da dare, yana rikita sunaye, hannunsa na karkarwa in ya miƙe shi. In aka kai nan, maganar da zai yi ba za ta zama hujja a wurin kowa ba. Yanzu da yake gane ki, yake riƙe hannunki, yanzu ne lokacin jin ta bakinsa, a gaban ƙanensa da wani dattijo guda.

Sannan ki bincika wannan "na gaji" da yake faɗa, don kalma ce mai ɗaki da yawa. Wani in ya ce ya gaji, zafi ne ya hana shi barci, da za a kashe zafin da ya sake magana. Wani kunya ce, yana lissafin jikunan da ke fita kullum a kan ordonas, wato takardar sayen magani, yana ganin ya zama kaya a wuyan ƴaƴansa. Wani kuwa ya auna ne da hankalinsa, ya ga inda aka dosa, yana son ya ƙarasa a inda yake jin kiran sallar masallacin unguwarsu, jikokinsa na shige da fice. Ki tambaye shi kai tsaye: "Baba, da kuɗi ba matsala ba ne, da ka yarda a je Yamai?" In ya ce da ya yarda, to maganar ta canza, sai ku koma ga likita ku ji ko tafiyar za ta amfane shi. In ya ce ko kyauta ne ba ya so, to kin ji amsarki.

Yaya zai kawo hadisin da ya ce ku nemi magani ya bayin Allah, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Gaskiya ne, kuma kun nema, wata biyar kuna nema. Amma akwai wani labari a cikin Buhari da nake so a karanta masa. Nana A'isha ta ce a ciwon ajalin Manzon Allah sun ɗura masa magani ta gefen baki, yana yi musu nuni da kada su yi. Suka ce ai ƙin magani ne irin na mara lafiya. Da ya farfaɗo ya ce, ban hana ku ba? Ya sa aka ɗura wa duk wanda ke ɗakin irin maganin, ban da baffansa Abbas wanda bai halarta ba. Ki duba, waɗanda suka fi kowa sonsa ne suka yi, da kyakkyawar niyya, amma bai bar abin ya wuce ba. A wannan ciwon ne kuma ya nemi izinin matansa a yi jinyarsa a ɗakin A'isha. Ashe zaɓen ɗakin da mutum zai yi jinyarsa ta ƙarshe ba sabon abu ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Malaman zamaninmu ma sun zauna a kan wannan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce hukuncin magani yana sauyawa da hali: wani lokaci wajibi ne, wani lokaci mustahabbi ko halas kawai, yakan ma zama makaruhi idan ana tsoron wahalar da zai jawo ta fi cutar da ake son kawarwa. Ta kuma shardanta izinin mara lafiya matuƙar hankalinsa cikakke ne. Abin da addini ya haramta shi ne a yi wa mutum abin da zai gaggauta masa mutuwa da gangan. Barin tafiyar da likita ya ce ba za ta warkar ba, wannan ba ya cikinsa ko kusa.

Gonar kuma, ki gaya wa ƙanen Baba ya tuna wa kowa cewa ba ta zama gado ba tukuna. Mai ita yana raye. Babu mai ikon sayar da ita sai da yardarsa, balle a sayar don a yi masa abin da ya ce ba ya so, a bar Inna da ƙannenki babu inda za su samu hatsin shekara.

Yanzu ga labarina. Shekarun baya mahaifiyata ta kwanta irin wannan kwanciya, kuma ni ce na yi abin da Yayanki ke son yi. Ta ce a bar ta, na ce ba za a ce muna da hali muka zuba mata ido ba. Muka shimfiɗa mata katifa a bayan mota muka kama hanya da asuba. Kilomita wajen 900 ne tsakaninmu da Yamai, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, tafiyar da mai lafiya ma sai ya kwana biyu yana jin ta a ƙugunsa. Duk ramin da mota ta faɗa sai ta damƙe zanena. Ba ta yi mini faɗa ba. Abu ɗaya ta ce, muna wuce Tasawa, ta buɗe ido ta ce, "Ina za ku kai ni da nisa haka?" Likitocin can sun karɓe mu da mutunci, suka duba takardu, suka faɗi abin da na nan suka riga suka faɗa. Kwana huɗu ta yi. A maƙabartar Yantala take, cikin mutanen da ba ta sani ba, ƴan'uwanta da ƙawayenta na ƙuruciya ba wanda ya samu ya ce mata a yafi juna. Na san ƙasar da ta kira mutum ita ke cinsa, Alƙur'ani ma ya ce babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Amma na kuma san cewa rabin wannan tafiya don kaina na yi ta, don bakin mutane, don in iya cewa na yi iyakar ƙoƙarina. Har yau tambayarta tana kunnena.

Saboda haka ba na ganin baƙin Yayanki, kuma ke ma kada ki gani. Mutum ne da ke nesa, ba ya iya ɗaga kan mahaifinsa ya ba shi ruwa, kuɗi kaɗai ke hannunsa, shi ya sa yake son kuɗin su yi abin da ba za su iya ba. Baban da ke cikin idonsa shi ne wanda ya bari zaune a rumfa da ƙarfinsa. Kalmar "kashe shi" da ya faɗa tsoro ne ya fito da ita. Kada ki biye masa da saƙon murya a WhatsApp, ke ƙanwa ce, duk abin da kika faɗa zai ji shi kamar raini. Ki bar ƙanen Baba ya ɗauki maganar, in da hali da limamin unguwa. Ku roƙi likita minti biyar ya yi wa Yaya bayani ta waya, Yaya ya yi tambayoyinsa da kansa: in an je Yamai me za a yi masa wanda ba a yi a nan? Zai warke? In ba zai warke ba, zai ƙara masa kwanaki, kuma wane irin kwanaki? Jikinsa zai ɗauki hanya? In har zuciyarsa ba ta kwanta ba, akwai hanya mai sauƙi: takardu su yi tafiyar, ba Baba ba. A ɗauki hoton sakamakon awo da na ciki a aika wa likitan cutar kansa a Yamai. Cibiyar yaƙi da cutar kansa ta ƙasa tana can, tun 2021 ma ake ƙona cutar da hasken na'ura a cikinta, kuma mutane da yawa sun amfana. Ba ina hana kowa zuwa ba, wanda aka gano tasa da wuri ya tashi yau ya tafi. In suka duba suka ce a kawo shi akwai abin yi, sai a mayar wa Baba da maganar ya zaɓa. In suka ce abin da na Damagaram suka faɗa shi ne, to Yaya ya ji daga baki biyu.

Bayan haka ki kunna kiran bidiyo ki ba Baba wayar, ki fita daga ɗakin. Bari uba ya gaya wa ɗansa da bakinsa. Gani ya kori ji. Kuma in ana iya faɗa wa Yaya magana ɗaya, a ce masa kuɗin da ya tara na Yamai ya yi kuɗin mota da su ya taho gida. Hanyar Agadas da nisa, aikin ma wataƙila ba zai jira shi ba, na sani. Amma zuwa da kai ya fi saƙo, kuma daren da zai kwana yana juya mahaifinsa zai yi masa maganin abin da ke cin zuciyarsa fiye da duk jikar da zai aiko.

Abin da likitanku ya ba ku shawara a kai yana da suna, kuma fanni ne na aikin likita mai zaman kansa. Da Faransanci za ki ji suna cewa "soins palliatifs", wato kulawar sauƙaƙa wa wanda ciwonsa ba ya warkewa. Wata likita a Ingila, Cicely Saunders, ita ta kafa gidan farko na zamani don irin wannan jinya a Landan a 1967, irin gidajen da ake kira hospis. A nahiyarmu Yuganda ce ta yi fice. Tun 1993 Dakta Anne Merriman ta fara aikin a Kampala, kuma ba gini suka sa a gaba ba, gida-gida ma'aikatansu ke bi da ruwan morfin mai araha, saboda sun ga mutanensu sun fi son su ƙarasa a cikin iyalinsu. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa wannan kulawa wani ɓangare ne na aikin lafiya da ya hau kan kowace ƙasa. Akwai ma wani bincike da aka fitar a 2010 daga birnin Boston na Amurka, a kan mutum 151 masu kansar huhu da ta yaɗu. Waɗanda aka haɗa wa maganinsu da wannan kulawa tun farko sun fi samun natsuwa, an rage musu jinya mai tsanani a kwanakin ƙarshe, kuma a tsakaice sun rayu kusan wata 12, sauran kuwa kusan wata 9. Ciwonsu daban da na Baba, kuma ba alkawarin kwanaki nake miki ba. Na kawo shi ne don Yaya ya san cewa lallaɓa mara lafiya ba ya nufin gajarta masa rai.

Sai dai, ƴata, kada ku fita daga asibiti hannu rabbana. Nan ne mutane ke kuskure, su ɗauko mara lafiya cikin fushi ko gajiya, dare ya raba zafi ya taso, a rasa abin yi, a koma da gudu. Kafin ku sa hannu a takardar sallama ki zauna da likita ko majo, wato babban ma'aikacin jinya. Ki ce a rubuta maganin zafi da lokutansa, da abin da za a ƙara in bai isa ba, da inda ake samunsa. Ki karɓi lambar wanda za ki kira. Ki nemi a haɗa ku da wani ma'aikacin jinya na kusa da zai riƙa leƙowa gida. Ki tambaya in ruwan cikin ya sake taruwa har ya hana shi numfashi, yaushe za ku kawo shi a zuƙe, don wannan zuƙewar tana ba da sauƙi ƙwarai, kuma zuwa gida bai rufe ƙofar asibiti ba.

Maganin zafi hawa-hawa ne, tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi hawa uku: a fara da mai sauƙi irin farasitamol, in bai yi ba a hau irin su tramadol, in bai yi ba a hau morfin. Ƙa'idarsa a sha a kan lokaci, ba sai zafi ya turnuƙe mutum ba. Na san da an ambaci tramol gaban mutanenmu ke faɗuwa saboda ɓarnar da ya yi wa samari, morfin kuwa wasu na ce masa allurar sallama. Ba haka ba ne. Morfin da likita ya auna wa mai kansa ba ya mayar da shi ɗan ƙwaya, ba kuma shi ke kawo ajali ba. Abin da ya sa ake zarginsa, sau da yawa ba a ba da shi sai mutum ya kai gargara. Mai ciwon hanta ana fara masa da kaɗan ne a kuma nisanta lokutan, farasitamol ɗin ma ana rage masa, shi ya sa awon na likita ne, ba naku ba. Morfin yana ɗaure ciki, ɗaurewar ciki kuwa tana ƙara wa mai ciwon hanta rikicewar kai, don haka ki tabbata an haɗa masa da mai sassauta ciki irin laktulos. Ki yi nesa da masu tallar magani a tire. Diklofenak, ibufurofen da asfirin suna iya fasa masa jijiyoyin hanyar abinci ya yi aman jini, suna kuma taɓa ƙoda. In ya yi aman jini ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, a kira likita nan take.

Ƴan dubiya za su cika gida, kowa da gorar jiƙonsa da sassaƙensa, kowa ya san wani da ya sha ya tashi. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ajiye. Duk abin da ya shiga ciki hanta ce ke fama da shi, tasa kuwa ba ta da sauran ƙarfi. Addu'a, tofi, karatun Alƙur'ani a kusa da shi, kurɓin zamzam, waɗannan a yi ta yi. A rage zaman dubiya in ya gaji, a sa wani namiji a zaure yana karɓar gaisuwa a madadinsa.

Abinci shi ne zai fi ba Inna wahala, domin mace tana ganin in miji bai ci ba ita ce ta gaza. Ki lallashe ta. Jikin da ya kai nan ba ya neman abinci, ɗurawa kuwa tana kawo amai ko shaƙewa. Cokali biyu na kunu in ya so, ɗan farau-farau, ko a jiƙa tsumma mai tsabta a goga masa a leɓe da cikin baki. A riƙa juya shi bayan kowane awa biyu ko uku saboda gyambon kwanciya, a duba ƙugu da diddige, a shafa masa mai, a ɗaga masa kai da matasai. A zaɓa masa wurin da iska ke ratsawa, kin san zafin garinmu. Kuma ki raba kwanan nan, ke kaɗai ba za ki iya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanka da kama ruwa a bar wa Inna ko ɗa namiji, don a tsare masa mutuncinsa yadda ya saba.

Wani abu da bai kamata ya wuce ku ba a cikin wannan hidima: tunda likita ya ce nau'in B ne, ke da Inna da duk ƴaƴan Baba ku je a auna jininku. Wanda ba shi da shi akwai allurar rigakafi, wanda ke da shi akwai maganin da ke danne ƙwayar cutar, a kuma riƙa duba hantarsa tun kafin ta lalace. Ta jini take bi, da aska ko reza, da saduwar aure, da uwa zuwa jariri. Ba ta bin kwano, don haka kada kowa ya ware wa Baba ƙwaryarsa ko ya ji ƙyamar riƙe hannunsa.

Kwanaki za su zo da barcinsa zai yawaita, magana ta ragu, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, wani lokaci da ɗan ƙara a maƙogwaro. Abin yakan fi tsorata mai kallo fiye da yadda yake damun mai shi. Ku ci gaba da yi masa magana kamar yana ji. Ku laƙƙana masa kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa, ba da matsawa ba, in ya faɗa a ƙyale shi. Masu magana za su yi, wani zai ce da an kai shi Yamai. Ki bar ƙanen Baba ya amsa musu cewa mai ciwon ne ya zaɓa, a gaban shaidu.

Gobe da safe, kafin likita ya zagayo, ki dama kunun kamar kullum. In ya riƙe hannunki ya sake cewa a mayar da shi ɗakinsa, kada ki ce masa "to Baba, sai ka ji sauƙi" kamar yadda kika saba. Ki ajiye kofin, ki gyara zama, ki ce, "Baba, na ji. Gaya mini yadda kake so a yi." Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da Yaya. Ki gaishe mini da Inna, ki ce ina yi mata sannu.